Wa za mu gaya wa mun dawo?

Ranar da muka shiga Kanada ban ga shinge ba, ban ga soja ba, ban ga ko igiyar nan da ake gittawa a kan titi ba. Jirgi mai inji ne ya kwaso mu da sassafe daga bakin tafkin Moose, kwalekwalenmu ɗaure a kan ƙarafa bisa kawunanmu. Ya ratsa tafkin Newfound da na Sucker, kafin rabin awa ya cika ya ajiye mu a wata gaɓa da ake kira Prairie Portage. Matuƙin ya taya mu sauke kaya, ya nuna ƙasa da haɓarsa, ya ce, "To, nan Kanada ce. Sai nan da kwana shida." Ya juya jirginsa, ƙarar injin ta yi nisa har ta ɓace, aka bar mu da kukan ruwan da ke zubowa daga wani ɗan dam da ke gefe.

Mu uku ne. Da ni, da ɗan wana mai shekara 19 wanda aka haifa a birnin Miniyapolis na Amurka, da wani dattijo Bature da muke aiki wuri guda, wanda ya fi shekara talatin yana shiga wannan daji duk bazara. Shekara uku yana gayyata ta ina ba shi uzuri, sai a watan Agustan 2023 Allah Ya nufa. Daga Miniyapolis zuwa garin Ely, wanda shi ne ƙofar dajin, tafiyar awa huɗu ce da wani abu a mota, kullum arewa. Daga Ely kuma sai a bi wata hanya da ake kira Fernberg zuwa bakin ruwa.

Dajin biyu ne a suna, amma ɗaya ne a ido. Ɓangaren Amurka, a jihar Minesota, shi ne Boundary Waters, mai faɗin eka sama da miliyan ɗaya da tafkuna fiye da 1,100. Ɓangaren Kanada, a lardin Ontariyo, shi ne gandun Kwetiko, mai murabba'in kilomita wajen 4,760. Iyakar ƙasashen biyu ta bi ta tsakiyar tafkunan ne, tana karkacewa tsakanin tsibirai. Idan kana tuƙi a tafkin Basswood, filafilinka na hagu yana iya shiga ruwan wata ƙasa, na dama kuma ruwan wata.

Takardar da ta ba mu damar taka wannan gaɓa ita ce wadda ake kira RABC, izinin tsallaka iyaka a wuraren da babu ofis. A wancan lokaci hukumar kula da iyakokin Kanada tana bayar da ita, ga 'yan ƙasar Amurka da Kanada da kuma masu zaman dindindin a cikinsu. Tun watanni kafin tafiyar na cika tawa, na haɗa da kwafin fasfona na Najeriya da na katin zamana, girin kad, na tura. Suka yi bincikensu, suka aiko da amsa. Ma'anarta a taƙaice ita ce: mun duba ka tun kana gida, mun yarda da kai, shiga ta ruwa ba sai ka nemi jami'inmu ba. Na saka ta cikin leda biyu, na ajiye a aljihun rigar ceto da ke ƙirjina, tare da fasfo da katin.

Akwai ɗan ofis na katako a Prairie Portage, da tutar Kanada a gabansa. Na shiga da takarduna a hannu, a zatona nan ne shige da fice. Matar da ke ciki ta yi murmushi ta ce ita ma'aikaciyar gandun daji ce, ba ruwanta da fasfo. Abin da ke gabanta shi ne izinin kwana a Kwetiko, da kuɗin kowane dare, da ƙa'idoji: ba a shiga da abincin gwangwani ko na kwalba, ayari ba ya wuce mutum tara, ba a su da tsutsa ko ƙananan kifi, kuma dole a matse ƙayar ƙugiya da filaya domin kifin da za a saki kada ya ji rauni. Ta rubuta sunayenmu da ranar shiga da ranar fita. Dattijo ya ce a zamanin ƙuruciyarsa akwai jami'in kwastam na Kanada a wannan yanki, ana tsayawa a gaishe shi a nuna masa kaya, daga baya aka rufe wurin aka koma ga takarda.

Dokar hana gwangwani ta yi mini daidai, domin guzurin da na sani tun ina yaro ba ya buƙatar gwangwani. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, yaji, da kilishin da maiɗakina ta yi da naman sa na can Minesota ta busar a na'urar gashi. Dattijo ya ɗanɗana kilishin a ranar farko, bai sake buɗe nasa busasshen naman ba har muka dawo.

Wanda bai taɓa wannan tafiya ba zai ɗauka tuƙi ne aikin. Tuƙi hutu ne. Aikin yana tsakanin tafki da tafki, inda ruwa ya ƙare, dole a sauke komai a ɗauka a ka da baya zuwa ruwa na gaba. Ana auna waɗannan hanyoyi da wani tsohon ma'auni, rod, wanda ya kai mita biyar, kusan tsawon kwalekwale guda. Ta farko, daga Bayley Bay, wani lungu na tafkin Basswood, zuwa tafkin Burke, shimfiɗaɗɗiya ce mai yashi, har na fara cewa a raina ashe abin da sauƙi. Washegari muka isa biyun da ke tsakanin tafkin Sunday da Meadows da Agnes. Ta farkon ta doshi rod 200, duwatsu ne zalla masu santsi da saiwoyi da taɓo. Nan na karɓi kwalekwalen. Dattijo ya nuna mini yadda ake yi: ka jingina shi a cinya, ka kama sandar tsakiya, ka juya shi da ƙarfi guda ya kife a kanka, matasai biyu su sauka a kafaɗu. Bai fi kilo 25 ba, amma da zarar ya kife, duniya ta taƙaita. Ba ka ganin komai sai cikin jirgin da taku uku na gabanka. Numfashinka yana dawo maka da amo. Sauro ya gane hannuwanka a ɗaure suke, sai ya taru a ƙarƙashin rumfar yana cin wuyanka a natse. Ina tafe ina salati a hankali, ina lissafa taku, har na hango shuɗin ruwa ta ƙarƙashin goshin jirgin. Da na sauke shi kafaɗuna suka yi wani irin sakayau kamar zan tashi sama.

Agnes tafki ne siriri dogo, da duwatsu tsaye a gefe da gefe kamar ganuwa. A Kwetiko babu allo, babu lamba, babu bayan gida. Masauki shi ne inda ka ga wasu sun jera duwatsun murhu a kan fa. Muka kafa tanti a wani tsibiri, muka rataye jakar abinci a reshe mai nisa saboda beyar. A can alƙibla tana arewa maso gabas ne, na daidaita da kamfas, na yi alwala da ruwan da sanyinsa ke ratsa ƙashi, muka yi magariba ni da ɗana a kan dutsen da har lokacin yana riƙe da ɗumin rana. Muna cikin sallah wani tsuntsun ruwa da suke kira lun ya yi kuka daga can tsakiyar tafkin, wani ya amsa masa daga nesa. Kukan ya yi kama da guɗar da aka ja ta da tsawo har ta koma kuka. Dattijo yana zaune a bakin wuta, ya cire hularsa, bai motsa ba sai da muka sallame.

Mun yi wanka a magangarar ruwan Louisa, inda ruwa ya fafe dutse ya yi wani kwarmi kamar baho a tsakiyar gangaren. Mun kama kifin da suke kira walai, muka soya da yaji. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne zanen da muka gani a jikin dutse, daidai tsayin mutumin da ke tsaye cikin kwalekwale. Jan zane ne, da jar ƙasa aka yi shi, ya dushe amma ana gane siffofin. Mutanen Ojibwe, masu kiran kansu Anishinabe, su ne masu wannan ƙasa, kuma har yau jikokinsu suna nan a Lac La Croix. Dattijo ya ce kada mu taɓa, kada mu ɗauki hoto, haka masu wurin suka roƙa. Muka ɗaga filafili, iska ta tura mu a hankali muka wuce.

A daren nan Dattijo ya ba mu tarihin layin iyakar. Waɗannan tafkuna tsohuwar hanyar fatauci ce. Mutanen asalin yankin suka buɗe ta, Faransawa masu safarar fatun dabbobi suka bi sawunsu da manyan kwalekwale na ɓawon itace. Da Amurka ta sami 'yanci, yarjejeniyar Faris ta 1783 ta ce iyaka ta bi ruwa har zuwa Lake of the Woods, amma taswirar da aka yi amfani da ita ba daidai take ba, aka daɗe ana jayayya a kan wane ruwa ake nufi. Sai a 1842 Daniel Webster na Amurka da Lord Ashburton na Ingila suka daidaita, kuma suka rubuta cewa hanyoyin ruwa da hanyoyin ɗaukar kaya da aka saba bi a kan layin za su zauna a buɗe ga mutanen ɓangarorin biyu. Shi ya sa har yau mai bin tafkunan kan iyaka yana iya taka hanyar da ke gefen Kanada ya wuce ba tare da takarda ba, muddin wucewa kawai zai yi. Kwana a can ko shiga ciki kamar yadda muka yi, wannan kuma shiga ƙasa ce sosai.

Ni da na tashi a Illela, inda Birnin Ƙonni ke nan kusa, na san irin wannan layi. Muna yara muna bin 'yan uwa zuwa biki da kasuwa ta hanyar gona, ba wanda ya taɓa ce mana mun bar ƙasa. Don haka da maganar ta taso, na fahimci ɗana fiye da yadda yake zato.

Ta taso ne a rana ta biyar, muna kan hanyar dawowa. A bakin tafkin Sunday muka haɗu da wasu mutum biyu suna hutawa, su ma gobe za su fita. Aka gaisa, aka yi hirar kifi da iska. Dattijo ya tambaye su ko sun saka manhajar sanar da hukumar Amurka dawowa a wayarsu, domin shi har yanzu bai saba da ita ba. Babban cikinsu ya yi dariya ya ce shekara ashirin yana shiga Kwetiko, bai taɓa gaya wa kowa ya dawo ba, kuma ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya ce mota yake shiga, ya tsaya a Ely ya ci abinci mai zafi, ya kama hanyar gida. Ba da izgili ya faɗa ba. Haka ya saba, kuma ya ce yawancin waɗanda ya sani haka suke yi.

Da dare, muna shan shayi, ɗana ya ce, "Baffa, gaskiyar mutumin nan fa. Wa ya gan mu? Ba mu sayi komai ba, ba mu sayar da komai ba, kifin ma mun cinye. Daga daji muka shiga daji. Me za mu je mu ce musu?"

Na ce, "Za mu ce musu mun dawo."

Ya ce, "To ai ba su san mun tafi ba."

Dattijo ne ya fara ba shi amsa ta fuskar doka. Takardar RABC ta Kanada ce, aikinta ya ƙare a gaɓar Kanada. Amurka ba ta san da ita ba. Dokar Amurka ta ce duk wanda ya shigo daga wata ƙasa, ko a jirgin sama ko a ƙafa ko a kwalekwale, ɗan ƙasa ne ko baƙo, dole ya kai kansa ga hukumar kwastam da tsaron iyaka, CBP, ba tare da ɓata lokaci ba. Tarar da ke rubuce dala 5,000 ce a karo na farko, 10,000 a na gaba. Ya ce shi a da yakan tsaya a ɗan ofishinsu na Ely, a tambaye shi kwana nawa ya yi da abin da ya shigo da shi, cikin minti biyar ya fito. Ya ce bai taɓa tsallake wannan tsayawa ba, ko a shekarun da ya san ba mai tambaya.

Ni kuma na faɗa masa abin da Dattijo ba zai iya faɗa ba, domin bai taɓa zama a matsayina ba. Na ce, "Ɗana, kai da mutumin nan fasfonku iri ɗaya ne. In an kama ku, kuɗi za ku biya, ku koma gida, domin ba mai iya hana ɗan ƙasa shiga ƙasarsa. Ni baƙo ne mai izini. Katin nan da ke ƙirjina shekara nawa na jira shi, kai shaida ne. A dokarsu, mai irin katina da ya shigo ta inda ba a tantance shi ba, ana iya ɗaukarsa kamar wanda yake bakin ƙofa yana neman a buɗe masa tun daga farko. Kuma ranar da zan nemi zama ɗan ƙasa, fom ɗin yana tambayar duk tafiyar da na yi waje wadda ta wuce awa 24 a cikin shekara biyar. Kwana shidan nan suna ciki. Ka ce ba su san mun tafi ba. Ai matar nan ta rubuta sunana da ranar shigata da ranar fitata. In na rubuta tafiyar a fom, za a ce ta ina ka shigo, wa ya gan ka? In na ɓoye ta, na yi ƙarya a kan rantsuwa. Wanne za ka zaɓar mini?"

Ya yi shiru yana juya kofinsa.

Akwai abin da ban iya faɗa da kyau a daren ba, sai daga baya ya daidaita a raina. Ban ɗauki mutumin nan na bakin tafki mugu ba. Amma abin da yake ci, amanar wasu yake ci. Iyakar Amurka da Kanada ta kai kilomita 8,891, kuma a lokacin tafiyarmu wannan yanki nata yana cikin 'yan wuraren da suka rage a duniya inda ƙasa biyu suka ce wa mutum: tafi, mun yarda za ka faɗi gaskiya. Na tsaya a layin filayen jiragen sama da koren fasfo, na ga yadda fuskar jami'i ke sauyawa kafin ya buɗe shafin farko. Sai ga shi wata hukuma ta aiko mini da takarda har gida ta ce in shiga ƙasarta ta daji, ba mai rakiya, ba mai lalube. Wannan abu ya taɓa ni ƙwarai, kuma na ji nauyinsa. Irin wannan ƙofa ba ta da wuyar rufewa. An dakatar da shirin a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo ba sai 2022. Duk lokacin da hukuma ta zauna duba ko za ta ci gaba da shi, abin da za ta auna shi ne ko mutane suna cika nasu ɓangaren. Kuma in aka tsaurara, na san su wa za a fara tsaurara wa.

Rana ta shida iska ta taso a Bayley Bay, igiyar ruwa tana dukan goshin jirgin tana watso mana. Dattijo yana baya yana riƙe da kan jirgin, ɗana yana gaba, ni a tsakiya ina tuƙi ina kwarfe ruwa da kofi. Muka lallaɓa ta gefen gaɓa har Inlet Bay. Jirgi mai injin yana jiran mu a inda ya ajiye mu. Wani wuri a tsakiyar tafkin Sucker muka koma Amurka, ban san daidai ina ba.

A bakin tafkin Moose wayata ba ta da sabis. Muka ɗaura kaya a mota muka hau Fernberg, ina riƙe da wayar a hannu ina kallon kusurwarta. Sai da muka kusa Ely layuka biyu suka fito. Na ce wa Dattijo ya tsaya. Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

Manhajar sunanta CBP ROAM. Tun a gida na shigar da bayananmu mu uku da hotunan takardunmu, na rubuta cewa abin hawanmu kwalekwale ne. Na danna wurin sanar da isowa, na amsa tambayoyin: daga ina, ko muna ɗauke da kuɗi masu yawa, ko akwai nama ko tsiro ko kayan sayarwa. Na tura. Muka zauna muna jira, tagogi a buɗe, warin hayaƙin kwana shida yana tashi daga tufafinmu. Bayan 'yan mintoci wayar ta yi ƙara, fuskar wani jami'i ta bayyana, yana zaune a ofis da kofi a gefensa. Ya ce kowa ya nuna fuskarsa. Dattijo ya leƙo, ɗana ya leƙo daga kujerar baya. Da ya zo kaina ya ce in ɗaga katina kusa da kyamara, in juya bayansa. Hannuna duk tabon filafili da cizon sauro. Ya tambayi inda muka shiga da inda muka fito da kwana nawa. Ya tambayi abinci. Na ce akwai ragowar busasshen nama da aka yi a gida da naman Minesota, na ɗaga ledar ya gani, 'yan yanka uku ne suka rage. Ya tambaya ko mun taho da kifi, muka ce mun cinye a can. Ya ce, "Barka da dawowa," hoton ya ɗauke. Can sai saƙo ya shigo cewa an amince da shigowarmu.

Na ɗauki hoton saƙon na adana. Na ciro ɗan littafin da nake rubuta tafiye-tafiyena tun ranar da na karɓi katin, na rubuta Kanada, ranar fita, ranar dawowa, kwana shida, ta ruwa. Ɗana yana kallo ta saman kafaɗata.

Ya ce, "Baffa, nuna mini yadda ka shigar da sunayen. Baɗi in na zo da abokaina ni zan yi."

Na miƙa masa wayar. Dattijo ya tayar da mota, muka nufi cikin gari neman wurin da za mu sami ruwan zafi da abinci, na raba mana kilishin da ya rage, kowa yanka ɗaya.